Shamuwar Hali

Bazarar bana ta yi nisa, ruwa shiru. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida, nan Ƙofar Marke, na tuɓe riga saboda gumi, sai na hango shamuwa biyu sun biyo ta saman unguwa. Suka yi kewaye, suka duba rufin kwanon da ya soma cika gari, suka duba 'yan dogon yaron da aka jera a bakin hanya, ba su ga inda ya yi musu ba, suka miƙe wajen gulbi. Yaran da ke wasa a gabana ko kai ba su ɗaga ba. Ni kuwa sai da wuyana ya yi tsami don kallo. Kuma da furfurata da komai, wani tsohon haushi ya taso mini. Haushin ƙanena Hali ne, ya samo asali tun Nasara suna baƙi a Sakkwato.

Yanzu in ana son labarin ruwa rediyo ake kasa wa kunne. A zamaninmu gidanmu ake zuwa. Akwai wata tsamiya a bayan gidan, duk unguwa ba itacen da ya kai ta girma, tun kakanmu shamuwa ke sauka a kanta kowace shekara. In bazara ta kankama, manoma sukan zo zauren Baba su tambaya ko ta iso. In ta iso, kowa ya je ya duba irinsa, ya gyara sungumi. In ta soma ɗaukar ƙirare tana gyaran sheƙa, sai a fita binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwan fari ya same shi a ciki. Ba mai jifan shamuwa, ba mai taɓa ƙwanta. Yaron da ya ɗaga hoge wajenta, duk babban da ya gan shi yana da ikon zane shi, ko bai san ubansa ba. Kuma kowa ya yarda gidan da ta zaɓa gidan albarka ne.

Baba ya rasu bayan an kai amfanin gona gida. Da aka yi sadakar arba'in, dattawan unguwa suka zauna don su raba mana gida, ni da Hali. Mu biyu ne maza, kowa da matarsa.

"Mamman, kai ab babba," in ji wanda ke rabon. "Kai ka hwara zaɓe."

Ban ko yi dogon tunani ba. Na ɗauki gaban gida, da zauren Baba, da soro, da rijiya, da babban rumbu. Abin da ya rage shi ne baya: ɗakunan ciyawa, da ɗakin Inna mahaifiyarmu, da tsamiya. Aka dubi Hali ko yana da magana.

"Ni dai in Inna na wajena, ya ishe ni," in ji shi.

Haka yake tun yana yaro, ba ya jayayya, kuma a ƙarshe sai ka tarar abin kirkin yana hannunsa. Amma a ranar ban ga haka ba. Lokacin rani ne, tsamiya ba komai a kanta sai tsofaffin sheƙuna baƙi ƙirin da farin kashin tsuntsu da ya bushe a rassa. Muka kafa darnin kara a tsakani, Hali ya fasa ƙofarsa ta lungu. Matata Kulu har guɗa ta so yi, wai ta huta da sharar kashin tsuntsu da wanke tukwane sau biyu.

Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa ji ba. Ruwan randa kansa sai ya yi ɗumi. Kafin azahar ƙasa ba ta takuwa, jakuna su jingina da katanga su rufe ido, ƙadangaru su buɗe baki a inuwar indararo. Ni kuwa kullum da safe sai in share zaure, in yayyafa ruwa, in shimfiɗa tabarmi kamar yadda Baba yake yi, in zauna a inda yake zama, ina jiran mutane.

Wata safiya sai ga Baba Nomau, tsohon manomi ne abokin mahaifinmu, shi ne kullum yake fara zuwa tambaya. Na gyara zama.

"Mamman, an kwana lahiya? Ya zahi?"

"Zahi lokacinai na, Baba. Bisimilla, ga tabarma."

"A'a, zamna abinka. Bari in leƙa wajen Hali, an ce sun taho."

Ya wuce da sandarsa, ya sha kwanar lungu. Na shiga cikin gida na ɗaga kai. Ga su nan kuwa, sun sauka tun da asuba ban sani ba. Baƙaƙe ne masu farin ciki, fuska shuɗiya da ɗan ja a gefen ido, sun jeru a rassa suna gyaran fukafukai. Shamuwa ba ta da kuka irin na sauran tsuntsaye. In miji ya sauka kusa da matarsa sai su riƙa sunkuya wa juna, suna wani ɗan huci, suna kaɗa baki ƙwas ƙwas. Tun ina yaro nake jin wannan ƙarar ina jin daɗi. A ranar ji na yi kamar da ni suke.

Daga nan lungun Hali ya zama hanya. Mutanen da a bara suke durƙusawa a zaurenmu yanzu sai su ɗago mini hannu daga nesa su wuce. Wani ya kai masa goro, wata ta aika wa Inna da fura. Ta cikin darni ina jin muryarsa yana yi musu bayani a hankali, wai kada a yi gaggawa, a bari a ga sun soma ɗaukar ƙirare. Maganar Baba ce yake maimaitawa, ni ma na san ta, na ma riga shi jin ta. Amma wa zai tambayi mai zaure ba tsuntsu? Kishi ya kama ni sosai, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon tuwo. Ni ne babba, ni na yi wa Baba wanka, ni na gaji rawaninsa, ga shi an mai da ni mai gadin ƙofa.

Sai na ce to, shamuwa dai ba takardar gado ta karanta ba. A ƙauyuka na ga yadda ake ɗora mata tsohon kwando a kan ɗaki ta zo ta yi sheƙa a ciki. Ina da wata 'yar kurna a tsakar gida, ga kuma rufin soro shimfiɗe. Na tattara tsofaffin kwandunan Kulu, har da wani da bai tsufa ba, na ɗaure ɗaya a kurna, na jera sauran a kan soro, na zuba musu ƙirare masu kyau da na tsinto da hannuna.

Washegari da hantsi Kulu ta kira ni da ƙarfi. Na fito da gudu, ga shamuwa tsaye a kan sorona. Na tsaya ina kallo cike da murna. Ta taka a hankali, ta leƙa kwando, ta karkata kai, ta zaɓi ƙiraren da ya fi tsawo, ta ɗauka a baki, ta tashi ta kai shi tsamiyar Hali. Ta dawo ta ɗauki wani. Kafin la'asar ta gayyato 'yan uwanta. Da ƙirare suka ƙare suka koma warware kwandunan kansu, zare bayan zare, suna tsallake darni da su.

Kulu ta zauna a bakin murhu tana dariya har da hawaye.

"Malam, ashe leburancin Hali ka samu? To ka ce shi biya ni kwandona."

Ban kula ta ba. Na ce wataƙila abinci suke so. Na sa aka kamo mini fara, na baza a kan soro. Shirwa ta kwashe rabi, hankaki suka cinye sauran. Ƙarshenta kwandon da ke kan kurna ya samu mai shi: hankaka ne ya tare a ciki da matarsa, kullum da sassafe su tashe mu da ihu. Labari ya zaga unguwa. Har a masallaci wani ya tambaye ni lafiyar baƙina, wai yaushe hankaka ya ce a fita binne.

Da aikin sheƙa ya kankama aka fita binne. Gonarmu tana kan tudu, arewa da gari, ita ba a raba ba, tare muke nomanta. Ni ina gaba da sungumi ina sara, Hali yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ƙasa ta yi zafi har sai mun ɗaura ganye a tafin ƙafa. Manoman da ke maƙwabtaka da mu in sun zo wucewa sai su ce, "Sannunku da aiki, Hali." Ni da nake gaba, nake riƙe da sungumi, sai dai in amsa a cikin jam'i.

Ruwan fari ya zo da iska da ƙamshin ƙasa, muka kwana da murna. Gero ya tsiro kore shar, layi layi. Daga nan sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, a kwashe shanya, a kafa tukwane a ƙarƙashin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, ya zama kamar gashin masara. Aka fita roƙon ruwa, maza da yara har da dabbobi. Aka samu yayyafi, aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, shi ma ya ƙone.

Yunwa ba ta shigowa da sallama, a hankali take zama. Da farko Kulu ta rage yawan tuwo. Sannan tuwon rana ya zama kunu. Sannan kunun ya zama ruwa-ruwa da tsamiya a ciki don a yaudari baki. Na shiga babban rumbun nan da na zaɓa da alfahari, na tsaya a tsakiyarsa, kaina bai ko taɓa zangarniya ba. Mata suka riƙa fita da sassafe neman tafasa da yaɗiya, a dafa da dusa. Maza muka riƙa shiga gulbi tonon bado. Wasu suna tona gidan tururuwa don ɗan hatsin da ta tara, wasu suna sussukar ƙarangiya, hannu duk ƙaya. Mutanen ƙauye suka cika gari, suna zaune a gindin ganuwa, ba su ko iya korar ƙuda. Da rana unguwa takan yi tsit, ba ka jin ƙarar turmi ko ɗaya.

Shamuwa ma ta ji a jikinta. A shekarar kirki, da zarar ciyawa ta fito fara da tsutsa da kwaɗi sun wadata, uwa ba ta nisa take cika maƙoshi ta dawo ta amayar wa 'ya'yanta. A wannan shekara sai su tashi tun da safe, ba a ganin su sai rana ta karkata, su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. In rana ta take, ɗaya takan tsaya a bakin sheƙa ta buɗe fukafukai ta yi wa 'ya'yan inuwa, bakinta a buɗe tana haki. Daga baya sai 'ya'yan suka soma faɗowa. Wasu rauni ne ya kayar da su, wasu kuwa iyayen ne da kansu suke ture mafi ƙanƙanta don sauran su rayu. Na ga haka da idona daga kan soro. A wasu unguwanni kuma muka ji an soma hawa itace ana kwasar ƙwai da 'ya'ya ana dafawa, abin da ko a mafarki ba a taɓa yi ba.

Hali fa? Mutumin da gidansa ba hatsin kwana biyu, sai ya riƙa tsintar 'ya'yan da suka faɗo yana kai wa Inna. In mun je tonon bado, shi sai ya ɓata rabin yini yana bin kwaɗi a bakin ruwa yana zubawa a gora.

Rannan na zagaya in gaida Inna. Ɗana na fari yana kwance ba lafiya, cikinsa ya kumbura, na so ta zo ta gan shi. Na same ta a ƙofar ɗaki da ɗan shamuwa a cinya, wani abu mummuna mai furfurar gashi da dogon baki, tana tura masa ƙafar kwaɗo.

"Inna, jikanki na can kwance, kwana da kwanaki ba ki leƙo ba."

"Na aika mishi da rubutu da sassaƙe, Kulu ba ta hwaɗa maka ba? Shi yana da uwa da uba. Wanga ba shi da kowa sai Hali."

Ta faɗi haka ba ta ko ɗago kai ba. Na tsaya ina kallon yadda take shafa wuyan tsuntsun nan, na rantse da Allah a ranar har shi na yi kishi da shi. Yaron ya warke daga baya, amma maganar ba ta bar ni ba.

Da shuka ta biyu ta ƙone, bakin mutane ya juya. Masu kai wa Hali goro su ne suka koma cewa shamuwarsa ta yi musu ƙarya, ta sa sun binne irinsu a wuta. Lungunsa ya koma shiru. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Na ce yau dai ya ɗanɗana zaman da nake yi.

Ana cikin haka sai mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Ga wani masinja daga bariki tsaye da jar hula. Nasara suna gine-gine a bayan gari, suna son itacen ƙona tubali, an ce kowace unguwa ta ba da babban itace. Kowa ya sunkuyar da kai, don kowa yana da ɗan abin da yake jin tsoro a nuna. Sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"Ga tsamiyar Hali nan. Mi at amhwaninta? Tsuntsayenai sun kashe muna iri."

Aka yi ta "haka na, haka na." Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da ya tashe ni, ko a wurin yanke mata hukunci sai an ce tsamiyar Hali.

"Tsamiyar wa? Kakana ya dasa ta, ubana ya gade ta, cikin inuwatta anka yi min suna tun ba a san za a haihi Hali ba! Shekara nawa kuna cin albarkatta? Shamuwa ta ce muku ita ka riƙe da ruwa? In icce a ka so, ga kurnata nan, a sare."

Masinja ya bi ni har gida ya ga kurnar, da kwando a kanta da hankaka a ciki. Ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Wagga ko tuwon gidanka ba ta dahwawa."

Muka koma. Hali ya bari kowa ya gama. Sannan ya durƙusa a gaban mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, ba ni jayayya da hukuma. Abu guda ni ka roƙo. A bari ɗiyan su yi hiffike su tashi. In an sare yanzu, dut mutuwa za su yi."

Mai unguwa ya juya ya ce wa masinja ai ɗanyen itacen damina ba ya cin wuta, a bari sai kaka. Masinja ya yarda. A hanyar komawa na ji dattawa suna yaba hankalin Hali da tausayinsa. Ni da na yi ta ɗaga murya har ta dushe, ba wanda ya ce mini sannu.

Ruwa ya zo daga baya, lokacin da ba shi da sauran amfani sosai. Muka sami 'yan zangarniyoyi gajeru da ɗan wake. 'Ya'yan shamuwa da suka rage suka soma tsalle a bakin sheƙa suna gwada fukafukai, har da biyu daga cikin na Inna. Da ciyawa ta soma bushewa suka taru a fadama da na sauran unguwanni, suka yi ta kewaye suna hawa sama har suka zama ɗigo-ɗigo, suka nufi kudu.

Ba a daɗe ba masu gatari suka zo. Tsamiya itace ne mai taurin tsiya, sun kwana biyu suna fama da ita, gari duk ƙarar sara da warin ɗanyen itace mai tsami. Da ta faɗi ƙasa ta girgiza har randar Kulu ta tsage. Rana ta faɗo tsakar gidan Hali tsirara, ɗakin Inna ya tsaya shi kaɗai ba inuwa. Sheƙunan suka tarwatse a ƙasa, tulin ƙirare na shekara da shekaru, matan unguwa suka zo za su kwashe su kai murhu. Hali ya hana. Ya tattara su, ya riƙa miƙo mini ta saman darni runguma runguma. A ciki har na gane zaren kwandunan Kulu.

"Yaya, aza su bisa soronka, ka danne da duwatsu kar iska ta ɗebe. Ba kwando su ka so ba. Abinsu su ka nema, sun san shi."

"Kai ka koya min?" in ji ni. Amma na ɗora.

Hatsin da muka samu ba zai kai gida biyu ko tsakiyar rani ba. Hali ya ce a haɗa nasa da nawa a rumbuna a ci da Inna. Ya mai da matarsa gidan iyayenta kafin ya dawo, shi kuma ya bi wasu fatake da za su Gwanja, zai yi musu kiwon jakuna a bakin abincinsa. Na raka shi har bayan ganuwa. Ya ce da ruwan fari yana gida.

Na yi na yi Inna ta dawo wajena, ta ƙi. Na gyara mata ɗakin da ya fi kowanne sanyi, kusa da rijiya, ta ce a'a.

"Nan Hali ya bar ni, nan za shi iske ni."

Haka ta yi rani a ɗakin nan, rana tana dukan ta tun safe har yamma, Kulu tana zagayawa da ƙwarya sau biyu a yini.

Bazara ta dawo, Hali bai dawo ba. Wata safiya na ji Kulu ta yi salati. Na fito, ga shamuwa cike da sama. Suka zo daidai inda tsamiya take, suka miƙe ƙafafu za su sauka, babu reshe. Suka sake hawa, suka kewayo, suka sake miƙe ƙafafu. Sun yi haka har na daina ƙirgawa. Daga baya wasu suka sauka a kan kututturen, wasu a kan darni, wasu a ƙasa a gaban ɗakin Inna, suka tsaya cirko-cirko ba motsi, rana tana gasa su. Ban taɓa ganin dabba ta yi kama da mutumin da ya dawo ya tarar gidansu ya ƙone ba sai ranar.

Sun yi kwanaki a haka. Sannan wata ta sauka a kan sorona, ta taka zuwa tulin ƙiraren, ta sa baki ta ja ɗaya, ta ajiye, ta ja wani. Ina laɓe a bayan rumbu, ina jiran ta ɗauka ta tashi kamar bara. Ba ta tashi ba. Ta hau kai ta zauna. Kafin yamma mijinta ya zo suka soma sunkuya wa juna. Wasu suka biyo baya. Soro ba tsamiya ba ne, kaɗan ya ɗauka, sauran suka watse, kuma tun daga shekarar yawansu bai sake komawa kamar da ba.

A ranar nan da la'asar sai ga Inna ta zagayo da kanta, tabarma a hammata, buta a hannu. Ta ce wa Kulu ta je ta kwaso mata sauran kayanta. Daɗi ya kashe ni. Ga shamuwa a kan sorona, ga uwata a gidana. Da asuba na share zaure na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarmi. Rana ba ta yi sama ba sai ga Baba Nomau, yunwa ta rage shi amma ba ta kai shi kushewa ba. Wannan karon bai wuce ba. Ya jingina sanda, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmata, wasu suka biyo shi har zaure ya cika.

"To Mamman," in ji shi, "mun ji shamuwar Hali ta sabka bisa soronka."

"Tawa ta, Baba. Bisa sorona take."

"Ƙwarai, ƙwarai. Allah shi maido shi lahiya. Yaron ga tsuntsaye sun san shi."

Sunan da ya bi su ke nan. Na yi faɗa, na yi gyara, na gaji. Ni nake hawa soro kowace bazara in gyara musu wuri, ni nake korar yara masu danƙo, Kulu ce ke sharar kashin da ta yi murnar rabuwa da shi, amma ko 'ya'yan da na haifa shamuwar Baba Hali suka tashi suna cewa.

Fataken sun dawo bayan shekara biyu ba shi. Sun ce ya rabu da su a hanya ya bi wani ayari, wani ya ce ya gan shi a wata kasuwa can kudu, wani ya ce zazzaɓi ya kama shi a bakin wani kogi. Ba mu taɓa samun magana ɗaya tsayayya ba. Alƙali ya raba aurensa, matar ta yi wani. Inna ba ta taɓa yarda a yi masa sadaka ba. Tunda daga kudu shamuwa take zuwa, ta sa a ranta daga wajensa suke. Duk shekara in sun sauka sai ta fito ta tsaya a ƙarƙashin soro tana tambayar su yadda suka baro shi.

Ta yi shekaru a wajena. Ni na ci da ita, ni na tufatar da ita, da ƙafafunta suka daina ɗaukar ta ni nake goya ta in fitar da ita inuwa. A bazararta ta ƙarshe ta zama kamar kara, idanu sun yi hazo. Da hantsi ta ji ƙarar bakinsu a sama, ta ce in kai ta waje. Na durƙusa ta hau bayana, ta riƙe wuyana da hannuwanta masu sanyi. Na tsaya da ita a tsakar gida, gumi yana zubo mini, tana ɗaga kai tana lalube da ido.

"Sun taho, Mamman?"

"Sun taho, Inna."

Na ji ta yi ajiyar zuciya a bayana, ta kwantar da kanta a kafaɗata.

"Allah shi yi ma Hali albarka," in ji ta. "Bai taɓa mance ni ba."

Na ce amin. Tana kan bayana na faɗa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Amma har yau, mutumin da ban san ko inda kabarinsa yake ba, ina kishi da shi.